Asalin Tsimuwa a Jikin Yis: Abin da Ƙwayoyin Gado Suka Bayyana

 

Batun da aka ɗora mini yau shi ne yis, wannan garin da mai burodi da mai fanke da mai funkaso ke barbaɗawa a ƙullu don ya tashi. Zan bi tambaya ɗaya ce daga farko har ƙarshe: ta yaya wannan 'yar halitta ta samu iyawar cinye sukari ta mayar da shi iska da barasa, kuma me ya sa ta fi sauran 'yan uwanta ƙwarewa a wannan aiki? Hukuncin barasa a shari'a sananne ne, kuma fagen malaman fiƙihu ne. Namu fagen shi ne duba halittar kanta da tarihin da ke rubuce a cikin ƙwayoyin gadonta.

Wane ne yis?

Yis abu ne mai rai, ƙwaya ɗaya tal, daga dangin naman kaza da fumfuna. Faɗinsa bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 1000 na milimita ɗaya ba. Yana hayayyafa ta hanyar tsiro: ƙullutu ya fito a jikin uwa, ya girma, ya ɓalle ya kama gabansa. In akwai abinci da ɗumi, cikin kamar minti 90 ɗaya ya zama biyu. Masana sun san ire-iren yis fiye da 1,500, amma wanda ke cikin ledar da ake saye a kanti sunansa Saccharomyces cerevisiae, kuma shi ne gwarzon wannan lacca.

Ya kamata mu raba aiki tun yanzu don kada a ba yis abin da ba nasa ba. Tsamin nono da kindirmo aikin bakteriya ne masu fitar da sinadarin laktik. Warin daddawa aikin wasu bakteriya ne na dangin Bacillus. A ƙullun waina da aka bari ya kwana, da kamun da ake dama koko, bakteriya da yis ne ke zaune tare: su suna kawo tsami, shi yana kawo kumfa da tashi.

Ɗan Adam ya yi dubban shekaru yana amfani da yis bai taɓa ganinsa ba. Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ne ya fara hango shi a madubin ganin ƙananan halittu a 1680. A 1837 Theodor Schwann na Jamus da Cagniard-Latour na Faransa suka ce abu ne mai rai, manyan masana sinadarai irin su Justus von Liebig suka yi musu dariya. Louis Pasteur ne ya kashe gardamar tsakanin 1857 da 1860, ya nuna babu tsimuwa sai da halitta mai rai. Sai a 1897 Eduard Buchner ya niƙa yis da yashi, ya matse ruwansa, ya zuba sukari a ciki, ruwan ya kama kumfa alhali babu ƙwaya ko ɗaya mai rai. Daga nan aka gane cewa wasu sinadarai ne a cikin ƙwayar, waɗanda ake kira inzayim, ke yin aikin. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1907.

Mararrabar sukari

Idan yis ya haɗiyi sukarin gulukos, yana bi da shi ta matakai 10 har ya tsaga shi gida biyu. A wannan tafiya yana samun ATP guda 2, wato sinadarin da kowace ƙwayar halitta ke kashewa in za ta yi wani aiki. Wannan hanya tsohuwa ce ƙwarai, tana nan a jikin bakteriya da tsirrai da dabbobi da ni da ku.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ta farko ita ce numfashi: a shigar da ɓarin sukarin nan cikin wani sashe na ƙwayar mai suna mitokondiriya, a ƙone shi ƙurmus da iskar oksijin. A jikin yis wannan na kawo ATP kusan 18 daga gulukos ɗaya. Ta biyu ita ce tsimuwa. Wani inzayim mai suna Pdc ya yanke kabon ɗaya ya sake shi a matsayin iskar kabon dayoksaid, iskar da ke kumbura ƙullu ke nan. Abin da ya rage sai inzayim Adh1 ya mayar da shi itanol, wato barasa. A wannan hanya yis bai ƙaru da komai ba kan ATP 2 na farko, kuma mafi yawan ƙarfin sukarin yana nan daskare a cikin barasar da ya zubar waje.

Idan babu iska, ba abin mamaki ba ne halitta ta bi hanya ta biyu, domin ba ta da zaɓi. Pasteur ma ya lura cewa iska kan rage tsimuwa. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne halin Saccharomyces cerevisiae idan sukari ya yi yawa: ga oksijin a wadace, ga mitokondiriyarsa lafiya lau, amma sai ya rufe ƙofar numfashi ya kama tsimuwa. Ya bar 18 ya ɗauki 2. Ana kiran wannan hali da sunan Herbert Crabtree, Baturen Ingila da ya ga irinsa a ƙwayoyin ciwon daji a 1929, kuma De Deken ya bayyana shi dalla-dalla a jikin yis a 1966. Yawancin yis ba su da wannan hali. Kluyveromyces lactis, wanda ake samu a madara, muddin akwai iska numfashi yake yi. To me ya kai namu ga abin da kowa zai kira asara?

Yi, tara, cinye

Amsar da ta fi shahara ita ce wadda Jure Piškur na Jami'ar Lund a Suwidin da abokan aikinsa suka tsara a 2006. Sun ce dabarar yis mataki uku ce: ya yi barasa, ya tara ta, ya dawo ya cinye ta.

Ku dubi ɗan itacen da ya nuna ya faɗo ya fashe. Cikin sa'o'i kaɗan bakteriya da fumfuna da yis iri-iri sun yi masa ca, kowa na son sukarin. Wanda ya tsaya ƙona sukari a tsanake, ko da ribarsa ta fi yawa a kan kowace ƙwaya, kafin ya ankara wasu sun wawashe. Yis ɗinmu sai ya kama haɗiya ba ji ba gani, yana mayar da sukarin barasa. Da haka ya hana abokan takara abinci, ya kuma cika wurin da gubar da yawancinsu ba sa iya zama a cikinta, alhali shi yana jure ta har ta kai kashi 14 ko 15 cikin 100. Matthew Goddard na Jami'ar Auckland ya nuna a 2008 cewa zafin da tsimuwa ke fitarwa ma yana taimaka masa, domin ya fi takwarorinsa son ɗumi. Idan sukari ya ƙare, fage ya zama nasa, sai ya buɗe ƙofar numfashin da ya rufe, ya juyo kan barasar ya ƙone ta da oksijin, ya kwashi ribar da ya jingine. Halinsa ke nan irin na ɗan kasuwar da ke share hatsin kasuwa da kaka, ya kulle a rumbu, sai bazara ta yi kowa ya rasa, shi ya buɗe yana ci.

Wannan dabara ba ta da amfani sai inda sukari ya taru da yawa a fili. Shaidar duwatsu ta nuna tsirrai masu fure sun fara yaɗuwa a doron ƙasa tun kimanin shekara miliyan 125 da suka wuce, a zamanin da dabbobin dinaso ke nan, daga baya kuma 'ya'yan itace masu zaƙi suka yawaita. Lissafin da ake yi daga bambancin DNA ya sa manyan sauye-sauyen da zan ambata yanzu a cikin wannan zamani. Abinci ne ya sauya, halittar da ta fi dacewa da sabon abincin ta fi yawan zuriya.

Abin da aka karanta a cikin DNA

A 1996 wata ƙungiya ta masana kusan 600, ƙarƙashin jagorancin André Goffeau na Beljiyam, ta kammala karanta DNA ɗin wannan yis gaba ɗaya: haruffa kusan miliyan 12, a kan kuromosom 16, ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 6,000. Shi ne na farko da aka karanta a cikin halittu masu ƙwaya irin tamu, wato mai cibiya a tsakiya. Daga wannan karatu aka gano abubuwa huɗu.

Na farko aro ne. Don halitta ta hayayyafa sai ta ƙera haruffan DNA, kuma a yawancin halittu ɗaya daga matakan ƙera su yana jingine da numfashi. In babu oksijin, aiki ya tsaya. Kakan yis ya tsallake wannan shinge ta hanyar karɓar wata ƙwayar gado, URA1, daga bakteriya na dangin masu tsama nono. Inzayim ɗin da take samarwa ba ruwansa da numfashi. Saboda ita ne yis ke iya girma a can ƙasan tulu ko a tsakiyar ƙullu inda iska ba ta kaiwa.

Na biyu ninki ne, kuma shi ne mafi girma. A 1997 Kenneth Wolfe da Denis Shields na birnin Dublin suka lura cewa manyan sassa 55 na DNA ɗin yis suna da tagwaye a wani kuromosom daban, da ƙwayoyin gado a jere iri ɗaya. Suka ce babu abin da zai bayyana haka sai dai a ce dukan DNA ɗin ya taɓa ninkuwa gaba ɗaya a lokaci guda, kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, kuromosom 8 suka zama 16. Mutane da yawa ba su yarda ba. A 2004 Manolis Kellis da abokansa a Amurka suka karanta DNA ɗin wani yis da ya rabu da namu kafin ninkin, suka tarar kowane sashe nasa guda ɗaya ya yi daidai da sassa biyu na namu. Gardama ta ƙare. A 2015 kuma Marina Marcet-Houben da Toni Gabaldón na birnin Basalona suka kawo shaidar cewa ninkin ya samo asali ne daga barbara tsakanin yis iri biyu mabambanta.

Me ninki ke amfanarwa? Tun 1970 masani Susumu Ohno ya bayyana cewa ƙwayar gado guda ɗaya ba ta da damar sauyawa, domin in ta lalace halittar ta mutu, amma in ta zama biyu, ɗaya za ta riƙe tsohon aiki, ɗayar kuma ta samu sararin ɓacewa ko koyon sabo. Haka ta faru. Kusan kashi 90 cikin 100 na tagwayen sun ɓace, an bar kimanin 550. Gavin Conant da Wolfe sun nuna a 2007 cewa waɗanda suka tsira sun haɗa da kaso mai tsoka na masu tsaga sukari da masu shigo da shi cikin ƙwaya. Wato yayin da sauran sassa suka koma yadda suke, sashen cin sukari ya zauna a ninke, gudun haɗiya ya ƙaru.

Na uku shi ne inzayim ɗin cinye barasa. Yis na da Adh1 mai yin barasa, da Adh2 mai warware ta. Su biyun sun bambanta ne a wurare 24 kacal cikin 348, alamar daga tushe ɗaya suka fito. Wanne ne aikin asali? A 2005 Michael Thomson da Steven Benner da abokansu suka yi wani aiki mai ban sha'awa. Sun kwatanta wannan inzayim a yis iri-iri, suka lissafo yadda na kakansu zai kasance, suka ƙera shi a ɗakin gwaji, suka auna aikinsa. Sai suka same shi ya ƙware wajen yin barasa, bai ƙware wajen cinye ta ba. Ke nan da farko yis zubar da ita kawai yake yi. Sai da ƙwayar gadon ta ninku, kimanin shekara miliyan 80 da suka wuce, aka samu Adh2, wanda ke kwance shiru muddin akwai sukari, ya farka idan ya ƙare.

Na huɗu gyaran umarni ne. Kowace ƙwayar gado tana da ɗan rubutu a gabanta mai faɗa mata lokacin aiki. A yis masu numfashi, irin su Candida albicans, ƙwayoyin gadon da ke gina mitokondiriya suna tashi ne tare da na saurin girma, domin dukansu suna ɗauke da alama guda, haruffa shida: AATTTT. Binciken da Jan Ihmels da Naama Barkai da abokansu suka wallafa a 2005 ya nuna cewa a zuriyar yis ɗinmu wannan alama ta goge daga gaban gomman ƙwayoyin gadon mitokondiriya. Saboda haka yana iya girma da sauri ba tare da ya kunna numfashi ba. Ga kuma wani sinadari mai suna Mig1 wanda, da zarar gulukos ya yawaita, yake shiga cibiyar ƙwaya ya danne ƙwayoyin gadon cin wasu abinci, har sai gulukos ya ƙare.

Inda masana suka saɓa

Da farko an ɗauka ninkin DNA shi ne mafarin komai. A 2013 Arne Hagman da Piškur suka auna yis fiye da iri 40, suka tarar wasu da suka rabu kafin ninkin, irin su dangin Lachancea, su ma suna yin barasa a gaban iska, sai dai ba su kai namu ba. Ke nan halin ya riga ninkin zuwa, ninkin ƙarfafa shi ya yi.

Akwai kuma masu cewa kashe abokan takara riba ce da ta biyo baya, asalin dalilin sauri ne. Hujjarsu, wadda Avlant Nilsson da Jens Nielsen suka lissafa a 2016, ita ce kayan aikin numfashi manya ne masu cin wuri da tsadar ƙerawa, na tsimuwa kuwa ƙanana ne masu sauri. Ƙwaya ba ta da sarari sai iyaka. In sukari ya wadata, cika ta da ƙananan inzayim masu sauri ya fi kawo ATP a cikin minti ɗaya, ko da kowane gulukos kaɗan ya bayar. Wannan bayani yana da ƙarfi domin ana ganin hali makamancinsa a bakteriyar hanji da kuma ƙwayoyin ciwon daji, kamar yadda Otto Warburg ya lura tun shekarun 1920. A nawa ganin bayanan biyu ba su kore juna ba: sauri ne ya buɗe hanyar, gubar da cinye ta daga baya suka mayar da ita sana'a.

Abin da ya fi gamsar da ni cewa muhalli ne ya tura halittar nan shi ne, an maimaita abin fiye da sau ɗaya. Dekkera bruxellensis ya rabu da yis ɗinmu fiye da shekara miliyan 200 da suka wuce, amma shi ma ya koyi yi da tarawa da cinyewa, kuma wani bincike na 2011 ya nuna ya goge wannan alama ta AATTTT da kansa. Schizosaccharomyces pombe, wanda aka fara warewa a 1893 daga wani abin sha na gero na Gabashin Afirka, ya fi haka nisa a dangantaka, shi ma yana tsimuwa a gaban iska.

Zuwan ɗan Adam

Duk wannan ya kammala miliyoyin shekaru kafin a kafa murhu na farko. Ɗaya daga tsofaffin shaidun da aka samu na abin sha tsimamme ita ce ta tukwanen ƙauyen Jiahu a ƙasar Sin, kimanin shekara 9,000 da suka wuce, kuma Misirawan dā sun san burodi mai tashi. A 2018 Joseph Schacherer da Gianni Liti na Faransa da abokansu suka karanta DNA ɗin yis 1,011 daga sassan duniya, suka tarar rassan da suka fi tsufa na dazuzzukan Sin ne, alamar daga can ya bazu. A wannan bincike yis ɗin bammin Afirka ya fito a reshensa daban, haka na 'ya'yan kokon cakulan na Afirka ta Yamma.

Hanyar da mutum ya hore yis ita ce wadda iyayenmu mata suka sani: a rage tsohon ƙullun da ya tashi da kyau a zuba a sabo. Kowane zubi zaɓe ne. Binciken Kevin Verstrepen na Jami'ar Leuven a 2016 ya nuna yis ɗin da ya daɗe a hannun masu sarrafa hatsi ya ninka ƙwayoyin gadon cin sukarin maltos, da yawansu kuma sun rasa iyawar barbara, domin ba sa bukatarta. Emil Christian Hansen ne ya fara ware yis tsantsa daga ƙwaya guda a birnin Kwafanhagan a 1883, daga nan masana'antu suka koma noma iri ɗaya sananne.

Amfanin sanin wannan

Masu masana'antar yis ɗin burodi suna yaƙi da halin Crabtree kullum. In suka juye ruwan rake gaba ɗaya, yis zai yi musu barasa maimakon ya yawaita, don haka tun farkon ƙarni na 20 suke ɗiga masa sukari kaɗan-kaɗan suna hura iska. Masu man mota kuwa halin suke so: Burazil ta kafa shirinta na itanol daga rake a 1975. Da yis ake yin allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B tun 1986, da kaso mai yawa na insulin ɗin masu ciwon sukari. A 2013 an fara sarrafa tushen maganin atemisinin na zazzaɓin cizon sauro daga yis da aka dasa wa ƙwayoyin gadon tsiron tazargade.

Kirana ga sassan nazarin ƙananan halittu na jami'o'inmu da kwalejojinmu shi ne su dubi abin da ke hannunmu. Yis ɗin da ke ƙullun waina da kamu da fura ya yi zuriya bayan zuriya a cikin gero da dawa da shinkafa, a zafin watan Afrilu, kuma jure zafi na daga abubuwan da masana'antar itanol ke nema ido rufe, domin sanyaya tankuna kuɗi ne. Duk gidan da ya bar tsohon ƙullu ya koma yis ɗin leda, irin da ke wannan gida ya tafi ke nan. A tura ɗalibai su tattaro samfura da izinin masu su, a rubuta gari da hatsi da sunan sana'a, a ware, a adana a sanyi, a karanta DNA ɗinsu, a kuma tabbatar duk ribar da ta fito ta waiwayi matan da suka riƙe wannan iri. Ku ɗalibai da ke neman abin da za ku yi bincike a kai, ga shi nan a kasuwar garinku, ku fara da shi a wannan zango.